Gyaɗar Gida da Almon ɗin Abuja: Nazarin Lamarin Wani Tela Mai Hawan Jini a Katsina

Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne, magidanci, shekarunsa sun doshi sittin, shagonsa yana cikin birnin Katsina ta wajen Ƙofar Marusa. Na sakaya sunansa da na iyalinsa, zan riƙa ce masa Baba, matarsa kuma Inna, kamar yadda nake kiran su. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na unguwa, kuma yana cikin aikina in bi masu hawan jini da masu ciwon suga har gida in ga abin da suke ci.

Abin da ya kai shi asibiti ciwon kai ne ta ƙeya, da jiri idan ya daɗe a kan keken ɗinki. An auna jininsa a ranaku daban-daban, kowane awo ya haura 140 bisa 90, iyakar da daga ita ake cewa mutum yana da hawan jini. Sugan da aka auna da safe kafin ya karya ya faɗa tsakanin 100 da 125, wato bai kai ciwon suga ba, wanda ke farawa daga 126, amma ya kama hanya. Gwajin kitsen jini ya nuna kwalastirol mai toshe jijiya ya yi sama. Ga kuma tumbi irin na wanda sana'arsa ta zama ce. Likita ya rubuta masa maganin hawan jini, ya ce ya rage gishiri, ya bar lemon kwalba, ya riƙa tattaki, sannan ya ƙara da cewa cin 'ya'yan itatuwa masu mai, irin su almon, yana taimakon zuciya.

Wannan magana ta ƙarshe ita gidan ya fi riƙewa. Babban ɗansa da ke aiki a Abuja ya aiko da almon a leda mai sheƙi, kuɗinta ya isa a auno tiyoyin gyaɗa a babbar kasuwa. Baba ya riƙa ɗaukar ƙwaya uku bayan sallar asuba yana tauna su da niyyar magani, sauran cimarsa kuwa tana nan yadda take. Da ledar ta ƙare ya yi shiru, don yana jin nauyin sake ɗora wa yaron ɗawainiya. Abin da ya sa lamarin ya tsaya mini a rai shi ne, Inna mai ƙuli ce. Tun kafin a haifi wannan ɗan take soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Amma tun ranar da aka ce yana da hawan jini Baba ya haramta wa kansa gyaɗa, har ya hana a yi miyarta a gidan, saboda abokan zamansa na bakin shago sun ce masa gyaɗa maiƙo ce, maiƙo kuma shi ke toshe jijiya.

Abin da yake ci a yini

Na zauna da su biyun na ce a lissafa mini daga asuba har kwanciya. Da safe shayi mai kauri da madara da suga cokali uku ko huɗu, da burodi an lafta masa bota. Da hantsi fanke ko cincin daga hannun 'yan talla. Da azahar shinkafa da mai da yaji ko taliya, a kora da lemo mai sanyi. Bayan la'asar, lokacin da yunwa ke cizonsa a kan keke, sai biskit da wani lemon. Goro kuwa bakinsa ba ya rabo da shi. Da dare tuwon masara miyar kuka, wadda Inna ke jefa wa dunƙule uku bayan gishiri. Duk cikin wannan jeri, abin da aka kora daga gidan shi ne wanda ya fi kowanne amfani gare shi.

Me ke cikin gyaɗa, me kuma bincike ya nuna

Gyaɗa ba 'yar bishiya ba ce, dangin wake ce, asalinta kuma Kudancin Amurka. Sai dai a abin da ta ƙunsa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da almon. A giram 100 na gyaɗa akwai furotin, mai gina jiki, wajen giram 25, mai wajen giram 49, da faiba, wato dusar da ciki ba ya narkarwa, fiye da giram 8. Almon yana da furotin giram 21 da mai giram 50. Akwai abubuwan da almon ya ɗara gyaɗa, kamar bitamin E da kalsiyam, amma tazarar ba ta kai ta kuɗinsu ba ko kusa.

Batun maiƙo shi ne ya fi cin lokacinmu, domin abokan Baba ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Maiƙo iri biyu ne. Akwai mai sandarewa da zarar ya huce, irin kakide da man shanu da bota, shi ne ke ɗaga kwalastirol mai toshe jijiya. Akwai kuma wanda ke zama ruwa, irin man gyaɗa da man riɗi, wanda idan ya maye gurbin na farko yake sauke shi. Inna ta tare ni da cewa ai man gyaɗa ma yana barci da hunturu. Gaskiyarta, amma sai sanyi ya tsananta yake yin kauri, kakide kuwa ko da bazara a sandare yake. Kusan kashi 80 cikin 100 na man da ke cikin gyaɗa na biyun ne.

A 2013 masu bincike na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin mutum kusan 119,000 a Amurka, ma'aikatan lafiya maza da mata, wasunsu har tsawon shekara 30. A cikin masu cin irin waɗannan 'ya'ya kullum, yawan mace-mace ya gaza na waɗanda ba sa ci da kashi 20 cikin 100, kuma abin da aka gani ga masu cin gyaɗa ya yi kama da na masu cin na bishiya. Wani zai ce waɗannan masu albashi ne, komai nasu daban. To, a 2015 Jami'ar Vanderbilt ta fitar da nata binciken a kan mutum sama da 200,000, talakawan jihohin kudu na ƙasar Amurka waɗanda yawancinsu baƙar fata ne, da mazauna birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda gyaɗa ce akasarin abin da ake ci a cikin irin waɗannan 'ya'ya. Nan ma masu cin ta sun fi tsira daga mutuwa ta ciwon zuciya. Waɗannan binciken biyu bin mutane kawai suka yi. Wanda aka raba mutane rukuni-rukuni aka gwada shi ne na ƙasar Sifen, mai mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya. Rukunin da aka ba giram 30 kullum tare da gyara sauran cimarsu, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu a cikinsu da wajen kashi 28 cikin 100. A can almon da danginsa na bishiya aka bayar, ba gyaɗa ba. Wani nazari na 2010 da ya tattara gwaje-gwaje 25 ya gano cin giram 67 a yini yana sauke kwalastirol mai toshe jijiya da wajen kashi 7 cikin 100. Tun 2003 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa cin wajen giram 42 a yini yana iya rage haɗarin ciwon zuciya, gyaɗa na cikin waɗanda ta lissafa.

Kashi 7 taimako ne na gaske, amma ba ya tsaya wa mutum a madadin ƙwayar magani. Kuma ƙwaya uku bayan asuba ba su kai ko kashi ɗaya cikin biyar na awon da aka yi binciken da shi ba.

Akwai ɗaya gefen. Giram 100 na gyaɗa yana ɗauke da kalori, wato awon ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 567. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara masu tamowa a jihar nan ya ga ƙunshin abincin da ake ba su: markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da suga da sinadarai, giram 92 kacal amma kalori 500. Ƙarfin da ke tayar da yaron da ya rame cikin makonni, shi ne zai ƙara wa mai tumbi tumbi idan ya ci ba awo. Don haka ban ce wa Baba ya ƙara gyaɗa a kan abincinsa ba. Cewa na yi ya fitar da wani abu ya sa ta a gurbinsa.

Tsarin da muka yi

Mun fara da la'asar, inda ya fi rauni. Yawancin lemon kwalba suna da suga wajen giram 10 a kowace mililita 100, wato kwalba ɗaya ƙarama ta kusa ƙaramin cokali tara. Muka cire lemo da biskit, muka sa soyayyar gyaɗa giram 30 da ruwan randa. Giram 30 shi ne cikin tafin hannu ɗaya ba tozo, ko ƙaramin gwangwanin tumatir da bai cika baki ba, kalorinsa wajen 170. Inna ta riƙa soya masa tasa daban da rairayi, ba a jiƙa ta a ruwan gishiri ba, ba a kuma murje jan ɓawon ba, don shi ma yana da amfaninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, mai hawan jini kuma da ya ci gyaɗa mai gishiri ya ba da dama ne ya karɓe da hagu.

Da rana, wasu ranakun aka maye taliya da kwaɗon zogale ko na rama da dakakken ƙuli, wanda ya zo daidai da turamen haƙoransa da ba sa iya fasa ƙuli mai tauri. Ƙuli-ƙuli an matse masa mai, don haka furotin ɗinsa ya fi na ɗanyar gyaɗa yawa, illarsa gishiri da kuma man da aka yi ta maimaita suya a cikinsa har ya yi baƙi. A miyar dare aka rage dunƙule zuwa ɗaya, aka ƙara daddawar kalwa, aka kuma riƙa zuba cokali ɗaya ko biyu na dakakken riɗi. Riɗi rabinsa mai ne, kuma wanda ba a surfe ba yana da kalsiyam mai yawa, sai dai a daka shi, don ƙwayar da ba ta fashe ba wucewa take yi yadda ta shiga. Yana ba ni takaici yadda ake lodin riɗin Katsina da Jigawa a manyan motoci zuwa Japan da Sin da Turkiyya, alhali a gidajenmu ba a tuna shi sai za a yi kantu, kantu kuwa alewa ce. Haka gyaɗa mai suga. Aya a jiƙa a tauna ba laifi, tana da faiba sosai, amma kunun ayar da ake sayarwa a gora an cika shi da dabino da suga.

Da muka zo kan goro Baba ya ce, "'Yata, goro ma ai ɗan itace ne." Na ce, "Haka ne Baba, amma ba ya cikin waɗanda ake nufi. Ba shi da man nan mai amfani, abin da ke cikinsa kafeyin ne irin na gahawa, yana sa zuciya gudu yana hana ku barci." Bai bari gaba ɗaya ba, mun dai tsaya a kan ɓari ɗaya da safe.

Kwanon tsinta

Abin da ya fi komai muhimmanci a lamarin nan ba a shago na same shi ba, a tsakar gida ne. Na tarar da Inna ta baza gyaɗa a faifai tana tsinta, masu kyau gefe guda, a gefen ƙafarta kuma wani ƙaramin kwanon samira da take jefa na banza: motsattsu, fasassu, waɗanda ƙwari suka huda, waɗanda suka yi baƙi-baƙi, da wasu da in ka ɓare su za ka ga wani gari kore-kore a tsakiya. Jikanta ɗan shekara uku yana zaune kusa yana sa hannu a kwanon. Na tambaye ta ina waɗannan ke zuwa. Ta ce masu kyau na talla ne, waɗannan kuwa idan sun taru sai a haɗa a niƙa a yi ƙulin gida ko a zuba a miya. "Asara ce a zubar, 'yar nan. Ai wuta tana kashe komai."

Wuta ba ta kashe wannan. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da wata guba da ake kira aflatoksin, wadda suya da dahuwa ba sa kawar da ita. An gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar dusar gyaɗa ce daga Barazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Amma ba kisan farat ɗaya ne ya fi yawa ba. Kaɗan-kaɗan take taruwa tana cin hanta, kuma hukumar binciken kansa, wato ciwon daji, ta duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ninkuwa yake yi, binciken ƙasa na 2018 kuwa ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka wuce ƙuruciya suna ɗauke da shi. An kuma danganta ta da tsumburewar yara. Idan aka matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama, wato a ƙuli take ƙarewa.

Fumfunar tana samun shiga ne idan ruwa ya ɗauke wa gyaɗa a ƙarshen damina, ko aka makara wajen cira, ko aka shanya ta a ƙasa, ko aka ɗure ta a buhu ba ta gama bushewa ba. Masu yayyafa mata ruwa don ta yi saukin ɓara su ma suna buɗe mata ƙofa. A gona akwai maganin Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi makonni biyu zuwa uku kafin fure, yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Inna ba manomiya ba ce, a kasuwa take awo, don haka makaminta ido ne da faifai. Kuma makami ne mai ƙarfi, domin gubar ba ta bazu daidai a buhu ba, a cikin 'yan ƙwayoyin nan marasa kyau take taruwa. Tsintar da take yi daidai ce, kuskuren kawai inda kwanon yake ƙarewa. Da ban shiga gidan ba, da na sa Baba ya riƙa cin kwaɗo da ƙulin da aka tara wa gubar buhu guda.

Muka yi shawara a riƙa binne abin da ke cikin kwanon. Ba a ba awakin da ake tatsa, don gubar tana fita a nono. Buhun da ke jingine a ƙasa kusa da randa aka ɗaga shi kan katako a ɗaki mai iska. Duk ƙwayar da aka tauna aka ji ɗaci a tofar. Shi kuma jikan, na ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, don tana sarƙe su ta faɗa hanyar numfashi, a ba shi a kunu ko a miya. Idan kuma wani ya ci leɓɓansa suka kumbura, ko jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti za a nufa nan take. Gwajin ƙodar Baba ya fito lafiya, shi ya sa ban taƙaita masa fiye da haka ba. Mai ciwon ƙoda sai likitansa ya yanka masa awo.

Inda aka kwana

Ba a tafi sumul ba. Da ɗinkin sallah ya taso Baba ya koma kwana a shago, shayi da goro suka dawo, ya kuma ajiye ledar gyaɗa babba a gefen keke yana ɗiba ba lissafi, tunda an ce tana da amfani. Nauyin da ya fara sauka ya dawo. Inna ce ta warware wannan: kullum da safe sai ta auna gwangwani ɗaya ta ƙulle a leda ta sa masa a aljihu, idan ta ƙare ta ƙare. Ya kuma taɓa tambayata ko zai ajiye maganin tunda kan ya daina ciwo. Na ce, "Baba, kada ku ajiye. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum."

Bayan wajen rabin shekara awon jininsa ya fi zama ƙasa da 140 bisa 90, sugan safe ya sauko kusa da 100, kwalastirol ya ɗan ragu, da hannunsa kuma ya rage ƙugun wandunansa. A ganina kaso mafi girma na maganin likita ne, sai rage gishiri, barin lemo, da tattakin da yake yi zuwa wani masallaci mai ɗan nisa. Rawar da gyaɗa ta taka ita ce ta sa barin lemo da biskit ya yiwu. Furotin da mai da faiba suna daɗewa a ciki, ba sa harba suga sama, don haka yunwar la'asar da ke tura shi wurin mai shagon kusa ta daina zuwa. Ɗan na Abuja yanzu kuɗin magani yake aikowa, wanda ya fi almon amfani a gidan.

Saura abu biyu. Baba da Inna sun yi gwajin ciwon hanta ba a same su da shi ba, amma 'ya'yansu manya da aka haifa kafin allurar rigakafinsa ta shiga jerin allurar jarirai a 2004 ba su yi ba tukuna, na rubuta musu takardar zuwa. Na biyun ya fi wuya. Inna yanzu tana auno gyaɗa mai tsada don tsinta ta ragu, tana kuma binne abin da da take ci, amma ƙulinta kuɗinsa ɗaya da na maƙwabtanta da ba sa yin haka, ribarta ta ja baya. Ta yarda ta tara mini masu ƙulin layinsu a tsakar gidanta kafin sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa, kowace ta zo da faifanta da kwanon tsintarta, mu duba tare.